Yadda ake mayar da waya shago: sayar da kayan Jos ta intanet, daga sari har kuɗi su shigo

A shekarar 2024, duk wanda ya zauna teburin mai shayi a Bauchi Road ko Anguwan Rogo bayan sallar isha'i ya ga abin da na gani: samari a jere kan benci, kowa ya duƙufa yana dangwalar fuskar waya. Hamster Kombat ake yi, wasan waya da aka ce zai raba wa masu dangwale kuɗin kirifto. An yi watanni ana dangwale, ana zuba data, ana kai waya wurin mai caji. Da ranar rabo ta zo a ƙarshen Satumba, da yawansu suka tashi da abin da bai mayar musu da kuɗin data ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai, domin daga inda suke zaune zuwa kasuwar Farin Gada tafiyar keke ce 'yar kaɗan, kuma can ga kabeji da karas da koren wake jibge, kayan da matan Gwarinpa da Kubwa a Abuja ke nema su biya da tsada. Wayar da aka yi ta dangwala ita ce dai wayar da ake sayar da waɗannan kaya da ita.

Don haka kafin mu shiga matakai, ɗan'uwa, riƙe wannan: intanet ba ta buga kuɗi. Kasuwa ce da ba ta da rumfa. Duk sisin da zai shigo maka daga aljihun wani zai fito, kuma ba zai fito ba sai ka ba shi abin da yake so. Kowace harka aka kawo maka, tambayi mai kawowa: wa zai biya ni, a kan me zai biya? In amsar ta tsaya a "kai dai zuba, za ka ga alheri", tashi ka ba shi wuri. Waɗanda suka zuba a MMM, tsarin a-zuba-kuɗi-a-ci-riba na intanet, sun ji a jikinsu a Disambar 2016, na irinsa CBEX suka bi sahu a Afrilun 2025.

Ni kayan gonar Filato nake aikawa Abuja da Kano ta waya, don haka da su zan yi misali. Mai atamfa da mai turaren wuta da mai gwanjo duk hanyar ɗaya ce. In na ce "kai" kuma har da ke nake, 'yar'uwa. A ganina ma mata sun fi mu riƙe wannan sana'a, domin sun fi haƙurin amsa tambaya ɗaya sau biyar.

Mataki na farko: me za ka sayar?

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya dubi abin da kowa ke tallatawa ya ce shi ma shi zai yi. Ka buɗe sitatus goma a WhatsApp, tara duk takalma ne da jakunkuna daga dila ɗaya, hoto ɗaya, farashi ɗaya. Me zai sa mutumin Abuja ya tsallake Kantin Kwari ya sayi atamfa wurin ɗan Jos? Tambayar da ta dace ita ce: me ke ƙofar gidana wanda babu a ƙofar gidansa?

A nan Allah ya yi wa Jos gata. Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma sanyin da ke sa mu rawar ɗari a Disamba shi ke fitar da amfanin da ba ya yi sosai a ƙasa mai zafi. Dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu da Barkin Ladi yake zuwa. Ana noman sitiroberi a Chaha, kusa da Vom. Ga acca, wadda mutanen birni ke nema yanzu saboda masu kula da abincinsu. Ga atile da mansa. Ga latas, koren tattasai, kokwamba. Wanda ba ya son kayan gona, kasuwar Katako na nan da gwanjo, musamman rigunan sanyi da barguna in hunturu ya kama.

Zaɓi abu ɗaya, in ya yi yawa biyu. Taura biyu ba ta taunuwa. Kuma ka fara da abin da ba ya saurin lalacewa. Acca wankakkiya da ta bushe sosai za ta yi watanni tana jiran mai saye. Dankali yana jure kwanaki in yana shan iska. Sitiroberi akwai riba, amma yini ɗaya a zafin bayan mota ya isa ya mayar da shi kunu. Bar shi sai hannunka ya faɗa.

Kafin ka kashe ko sisi, fara jin ta bakin masu saye. Tura saƙo ga mutum goma da ka sani a Abuja ko Kano ko Kaduna, dangi da abokan makaranta: "Anti, zan fara aiko da dankalin Bokkos duk mako. In na fara za ki saya?" Wanda ya ce "Allah ya sa albarka" addu'a ya yi maka, ka amsa da amin. Wanda ya ce "nawa ne?" shi ne kwastoma. In cikin goma ba a sami uku da suka tambayi kuɗi ba, sake kaya.

Mataki na biyu: sari da lissafi

Zuwa da kai ya fi aike. Yi sammako ka shiga kasuwa, ranar farko kada ka sayi komai. Zagaya, ji farashi wurin mutum huɗu ko biyar, ka lura da wanda ke cika awo da wanda ke ɗora manya a bakin buhu ya ɓoye ƙanana a ƙasa. Ranar da za ka saya, sa a zazzage buhun a gabanka, ko da za ka ƙara wa yaron ɗan wani abu. Sannan ka nemi dattijo ɗaya mai amana ka riƙe shi, ka karɓi lambarsa, ka riƙa biyansa a kan lokaci. Bayan wata biyu da waya kawai za ka ji farashin ranar. Wannan yana da muhimmanci domin kayan gwari farashinsu na safe daban da na yamma, ya danganta da yawan motocin da suka shigo.

Yanzu lissafi, inda yawancin sababbin shiga ke faɗuwa alhali suna ganin riba suke ci. Mu ƙaddara, misali kawai, ka sari buhun dankali naira 60,000, ka auna ya ba ka robar fenti 20. Kowace roba ta tashi 3,000. Sai ka ce bari in sayar 3,500, ribata 10,000. To zauna mu ƙirga. Ɗan dako 500. Keke zuwa gida 1,500. Ƙananan buhuna da igiya 2,000. Data da katin kira 1,500. Keke zuwa tasha 1,500. Kuɗin da ka kashe ya zama 67,000. Da ka zo tsincewa kuma ka fitar da roba biyu na waɗanda fartanya ta sara da masu ruɓa, saura 18. In ka sayar da 18 a kan 3,500, naira 63,000 ke nan. Ka yi wahalar yini biyu ka kuma faɗi da 4,000. Ainihin kuɗin robarka ya haura 3,700, daga nan ne za ka ɗora riba, ba daga 3,000 ba.

Kuɗin motar kai kaya kada ka cusa shi cikin farashi. Faɗe shi daban, mai saye ya san nasa ne. Tun da aka cire tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya, don haka duk mako ka tambaya a tasha kafin ka faɗa wa kowa.

Wanda ba shi da jari fa? Akwai dillanci. Ka sami mai shago a Terminus ko Katako, ku yi magana a fili: zan ɗauki hoton kayanka in tallata, duk wanda na sayar la'adata kaza ce. Ina jan hankali a nan domin abin ya shafi addini. Manzon Allah (SAW) ya hana Hakim ɗan Hizam sayar da abin da ba ya wurinsa. Mai ɗauko hoton kayan wani ya ce nasa ne, ya karɓi kuɗi, sannan ya fita neman kayan, ya shiga wuri mai haɗari, kuma ko a kasuwance ranar da kayan suka ƙare shi zai zama maƙaryaci. Mafita ita ce ka zama wakilin mai kaya da saninsa da yardarsa, kuma kada ka karɓi kuɗin kowa sai ka kira ka tabbatar kayan na nan. In tsarin naka ya ɗan bambanta da haka, kai wa malami ya duba maka.

Mataki na uku: gina shagon

Sayi sabon layi na kasuwa kaɗai, yi masa rajista da NIN ɗinka, ka sauke WhatsApp Business a kansa. Kyauta ce, kuma tana zama a waya ɗaya da WhatsApp ɗinka na gida. Raba layi yana hana odar kwastoma nutsewa cikin saƙonnin guruf ɗin dangi, ga mata kuma yana hana lambar gida yawo a hannun kowa.

Sa suna gajere mai nuna kaya da gari. Rubuta unguwa da lokutan da kake amsa saƙo. A cikin katalog, kowane kaya ka sa masa hoto da awo da farashi. Akwai wurin ajiye amsoshin da kake maimaitawa, kamar lambar asusu da ranakun aika kaya. Cike su tun yau. Akwai kuma alamomi masu launi da ake liƙa wa hira: sabuwar oda, an biya, an aika. Ranar da oda ta kai goma sha biyar za ka gode musu.

Kafin ka rufe saituna, kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lambar sirri guda shida da kai kaɗai ka sani. Ga hanyar da ɓarayin WhatsApp suka saba bi: a kira ka da ladabi a ce za a sa ka a taron ƙungiya ko jerin masu tallafi, an turo maka wasu lambobi, karanto su. Kana karantowa shagonka ya koma hannunsu, su fara karɓar kuɗi wurin kwastomominka da sunanka. Babu wani halattaccen dalili da zai sa wani ya nemi waɗannan lambobi.

Sai asusu. Buɗe na kasuwa daban da wanda kake cefane da shi, ko a banki ko a Opay, Moniepoint ko PalmPay. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane sun saba da tiransifa, wannan ya sauƙaƙa mana. Abin kiyayewa ɗaya: sunan da zai fito a asusun ya zama wanda mai saye ya san ka da shi. In yana magana da Maryam sai ya ga sunan wani namiji, hannunsa zai yi sanyi, kuma da gaskiyarsa.

Mataki na huɗu: hoto da magana

Mai saye a Lugbe ba zai taɓa dankalinka ba, ba zai shaƙi ƙamshin sitiroberi ba. Idonsa kawai gare shi. Goge gilashin kyamara da gefen riga, fito da kaya bakin ƙofa da hantsi inda haske yake amma rana ba ta dukan su kai tsaye, ka zuba a faifai ko tire mai tsabta. Kawar da takalma da bokiti daga baya. Bidiyon daƙiƙa ashirin ya fi hoto goma: ɗauki dankali ɗaya, yanka shi biyu, ka faɗi ranar da bakinka, "yau Talata, yanzu aka sauke daga Bokkos."

Kada ka taɓa ɗauko hoton wani daga intanet. Kada kuma ka tsince manya ka yi hoto sannan ka aika gauraye. Hadisin nan da Muslim ya ruwaito a kan irin wannan ne: Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Hoton waya shi ne saman tarinmu na yau. In kayan gauraye ne, nuna su gauraye, ka sa musu farashinsu.

Rubuta farashi a fili. Wannan ɗabi'a ta "a yi mini magana ta ciki" tana korar masu kunya da masu sauri, kuma tana sa a zargi kana yi wa kowa kuɗi gwargwadon rigarsa. Rubuta da Hausa da Turanci, domin masu sayen kayan Jos a Abuja kowace ƙabila ce. Wanda boko ke ba shi wahala, yi masa saƙon murya.

Mataki na biyar: nemo masu saye

Sitatus ɗinka ba ya isa ga kowa sai wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Jerin aika saƙo ga jama'a yana ɗaukar mutum 256, shi ma sai waɗanda suka ajiye lambarka. Ashe aikin farko shi ne roƙon a ajiye lamba. Duk wanda ya yi maka magana, ko bai saya ba, ce masa: "Don Allah a ajiye lambata, duk Litinin nake sa sabon farashi." Sa abu uku ko huɗu a yini, da safe kafin a fita aiki da bayan isha'i. Mai jera hotuna talatin daina kallon sitatus ɗinsa ake yi.

Daga nan ka faɗaɗa. Guruf-guruf na saye da sayarwa a Facebook, shafin Instagram, talla kyauta a Jiji. TikTok yana son kasuwa yadda take: ana sauke buhuna, ana ciniki, hazo na sauka. Nemi izinin mutane kafin ka ɗauki fuskarsu.

Amma dabarar da ta fi yi mini aiki ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Nemi mutum ɗaya a ofis ɗaya ko rukunin gidaje ɗaya a Abuja, mace mai jama'a, ka ce: "Hajiya, in kika haɗa mini mutum shida, taki robar kyauta ce." Kaya shida su tafi wuri ɗaya a mota ɗaya, a raba kuɗin mota shida, kowa ya ga sauƙi, kai kuma direba ɗaya za ka bi da kira. Kuma amanar da ba su da ita a kanka suna da ita a kanta. Ka riƙa sa gyara, ko karas biyar ne a saman buhu. Gyara tana tafiya da labari.

Tallan kuɗi na Facebook da Instagram yana aiki, amma jira sai ka kammala oda ashirin ko talatin lafiya. In za ka yi, taƙaita shi ga gari ɗaya, sa kuɗi kaɗan na kwana uku, maɓallin ya kawo mutum WhatsApp ɗinka, sannan ka ƙirga mutum nawa suka saya, ba mutum nawa suka yaba ba. Sayen mabiya kuwa zubar da kuɗi ne.

Mataki na shida: ciniki da karɓar kuɗi

Amsa da wuri, ka fara da gaisuwa. In an gama ciniki, tattara komai a saƙo ɗaya: "Hajiya, robar dankali uku, acca mudu biyu, kuɗin kaya kaza, kuɗin mota kaza, zai tashi Alhamis da safe, sunan mai karɓa da lambarsa kaza. Haka ne?" Sai ta ce haka ne kafin ka tura lambar asusu. Wannan saƙon shi ne shaidarka in gardama ta taso.

Kada ka yarda da hoton rasit, kada ka yarda da saƙon alat. Dukansu ana ƙirƙira su. Buɗe manhajar asusunka ka ga kuɗin sun zauna, sannan ka ɗaure kaya. Mai alat na bogi alamarsa gaggawa: bai yi tayi ba, ya yi oda mai yawa, yana ta kira wai direbansa na jira. Akwai kuma mai cewa ya yi kuskure ya turo fiye da kuɗin, ka mayar masa da ragowa. Amsa ɗaya ce: "Yallaɓai, a yi haƙuri, sai sun shigo."

Ta ɗaya gefen, mai saye ma tsoronka yake ji, domin an sha cinye masa kuɗi. Kada ka yi fushi in ya yi ɗari-ɗari. Kira shi ta bidiyo daga cikin kasuwa ya ga fuskarka da kayan. Ba shi shawara ya fara da kaɗan. In ya zo ta hannun wanda ka sani, karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ya cika in kaya sun isa. Bashi kuwa, a watanni shida na farko kada ka bayar ko ga ɗan ɗakinku, domin jarin bai yi ƙwarin ɗauka ba.

Mataki na bakwai: ɗauri da aikawa

Nan ne sana'ar take, duk abin da ya gabata share fage ne. Dankali ba ya son leda, gumi yake yi ya ruɓe. Sa shi a buhun raga ko buhun da aka huda. Kada ka wanke shi, ƙasar jikinsa kariya ce. Kabeji ka bar masa ganyen waje biyu, in ya isa a ɓare. Tattasai da kokwamba a kwali mai ƙwari da aka yi wa ramukan iska. Acca a leda mai kauri ninki biyu, sannan buhu. Sitiroberi a tsinko shi da sanyin safiya, ba a wanke ba, a jera a ƙananan robobi marasa zurfi, ya tafi ranar. Kowane ƙunshi ka rubuta sunan mai karɓa da lambarsa da unguwarsa da babban alƙalami, a gefe biyu.

Motar farko ta asuba ita ce taka. Hanyar Abuja ta Hawan Kibo da Akwanga da Keffi takan ci awa huɗu zuwa biyar in babu tsaiko, kuma kana gangarowa daga tudu zafi ke karɓar kaya. Abin da ya tashi ƙarfe shida ya isa kafin azahar. Abin da ya tashi sha ɗaya zai faɗa cunkoson Mararraba da Nyanya da la'asar. Na Kano da Bauchi da Gombe kuma tashar Bauchi Road ce. A cikin tasha ka ba da saƙo, ta hannun 'yan ƙungiya, inda ake rubutawa. Motar bakin hanya ta fi araha, amma in kaya suka ɓata ba ka da wanda za ka riƙe. Tsaya ka ga inda aka sa kayanka, kada a ɗora musu buhun masara ko a jingina su da jarkar mai. Ɗauki hoton kaya a cikin mota da lambar motar, karɓi lambar direba, tura wa mai saye nan take, ka kuma gaya masa a wace tasha za a sauke. Kayan da ba sa lalacewa, irin su acca da gwanjo, kamfanonin aika saƙo sun fi kwanciyar hankali domin suna ba da rasit da lambar bibiya.

Wata rana na ba wani direba kwalaye huɗu na tattasai da latas. Motarsa ta lalace bayan Akwanga, wayarsa kuma ta mutu, kaya ba su isa ba sai washegari da hantsi. Latas ɗin ya tafi gaba ɗaya. Na kira matan huɗu ɗaya bayan ɗaya tun kafin su kira ni, na faɗa musu abin da ya faru, na ce kowacce ta zaɓa: in mayar da kuɗi ko in sake aikawa ranar Alhamis a kaina. Ribar mako biyu ta tafi a nan. Uku daga cikinsu har yau suna saye, ɗaya ma ita ce ta haɗa ni da ofishinsu. Tun daga ranar nake ware wani abu daga kowace riba don irin wannan, kuma nake karɓar lambar ɗan kamashon tasha ban da ta direba. Haka in gari ya rikice aka sa dokar hana fita, abin da mu mutanen Jos muka sani, kada ka yi shiru da kuɗin mutane a hannunka. Sanar da su a ranar, wanda ya ce a mayar masa ka mayar.

Mataki na takwas: littafi da rajista

Sayi littafi mai bango mai ƙwari. Kowace oda layi ɗaya: rana, suna, kaya, abin da ka kashe, abin da aka biya. Ranar Juma'a ko Lahadi ka haɗa. Yanka wa kanka albashi daga riba, uwar kuɗi kuma haramun ce gare ka, ko biki ya taso ko suna. Yawancin ƙananan sana'o'in da na ga sun mutu ba rashin ciniki ya kashe su ba, cefane ne ya cinye jarin a hankali.

In harka ta zauna, yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ta intanet ake yi, da NIN ɗinka, kuma da takardar za ka buɗe asusu da sunan kasuwancin, abin da otal-otal da manyan kantuna ke so su gani kafin su yi hulɗa da kai. In kuma ka kai ga sarrafa abinci kana ƙullewa da tambarinka, kamar garin acca ko man atile a kwalba, wannan hurumin NAFDAC ne, je ofishinsu ka ji ƙa'ida kafin ka buga leda.

Wanda kaya ba su dame shi ba

Akwai mai sayar da abin da ke kansa. Ɗalibin Jami'ar Jos da ya iya manhajar zane ta Canva zai iya zana wa masu shaguna tallan sitatus da katin biki. Wanda ya iya manhajar CapCut ya gyara musu bidiyo. Wanda Hausarsa da Turancinsa suka nuna ya yi fassara. Fara da 'yan unguwa, tara ayyuka biyar da za ka nuna, sannan ka leƙa Fiverr ko Upwork, shafukan da ake samun irin wannan aiki ta intanet, ka san cewa Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari. Mai koyar da girki ko ɗinki zai iya sayar da darasinsa ta shafin Selar. YouTube kuwa ba ya fara raba kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 (ko kallon gajerun bidiyo miliyan 10 cikin kwana 90), kuma ba a turo kuɗin sai sun kai dala 100. Hanya ce ta gaske amma doguwa, kada ka ajiye sana'arka saboda ita. Ga mai kaya, amfanin bidiyo na kusa shi ne ya kawo mai saye.

Abu na ƙarshe shi ne kalanda, domin kayan Filato da lokacinsu suke tafiya. Dankalin damina yana cika kasuwa wajen Yuli da Agusta, ya yi araha amma ruwa gare shi, ba ya son ajiya. Na rani ya fi jure hanya. Sabuwar acca tana shigowa da kaka, lokacin sari ke nan ga mai wurin ajiya. Sitiroberi na sanyi ne, daga wajen Disamba zuwa Maris. Azumi yana jan dankali da kayan haɗin salak, Kirsimeti yana jan kabeji da karas da koren wake. Mako uku kafin kowanne ka fara karɓar sunayen masu so, ka gaya wa dattijonka na kasuwa adadin buhunan da zai ware maka, ka kuma yi magana da direbanka tun kafin tasha ta cika.